Muryar Sahabi

Rijiyar Aduwa, ta Tenhya
9 ga Maris

Zuwa ga taubashina Mushe Isma'ila, malami a kolej ta Belbeji.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da 'yan lakwal ɗin da kake wahalarwa da Ingilishi a aji. Mu nan zafi ya fara, rijiya ta ja baya, dabbobi dai suna nan da sauran ƙarfinsu.

Na san za ka ce me ya kai Zuhaira ga takarda alhali ga waya. Wayata kwana take wurin mai caji, kowa ya danna, kuma tudun da muke samun rezo, inda waya ke kamawa, duk wanda ya hau shi rabin gari ya ji sirrinsa. Shi ya sa na ba Audu direba wannan, hannu da hannu. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Yaya Sahabi ya rasu. Ramin zinariya ya rufta da shi can arewa tun cikin sanyi, aka binne shi a can. Wani abokin aikinsa ya biyo ya gaya wa Kawu Yakubu, Kawu ya gaya mini, ya ce in haɗiye. Lokacin hawan jini ya kayar da Inna, Kawu ya ce in ta ji, gawa biyu za mu yi. Waɗanda suka sani, daga ni sai shi sai kai yanzu.

Ka san ciwon yanar ido ya rufe idanun Inna, shekara biyu ke nan. Abin da take rayuwa a kai shi ne saƙon murya da Yaya kan aiko duk Juma'a, in hau tudu in ɗauko, in kunna mata. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba, Na-tsohuwa take ce masa. Ba za ta tambaye ni shi ba, kunya ba za ta bar ta ba. Sai dai ta daina cin abinci. Fura ma sai na yi kamar zan yi kuka take kurɓa. Zanenta har zamewa yake daga ƙugu.

Ka tuna bikin Gangara, da ka yi sallama a ƙofar gida Inna ta rufe fuska ta ce ga Na-tsohuwa nan? Har an yi ta yi muku dariya. Muryarku ɗaya, Isma'ila, ban san yadda Allah ya yi ba.

Satin da ya wuce maraƙin jar saniyarmu ya kwanta, aka yanka shi. Uwar ta hana nono. Inna daga kan tabarma ta koya mini yadda ta gani wurin Fulani: na cusa fatar da ciyawa, na kafa ta kan itace huɗu, na shafa mata gishiri. Saniyar ta shinshina, ta lasa, nono ya zo. Ina tatsa ina kuka, kai ka faɗo mini a rai.

Saƙo ɗaya nake roƙo. Ka ce: Ta-Gangara, ina lafiya, na canza lamba. Haka yake kiranta. Ban taɓa roƙonka komai ba sai barkwanci, yau na roƙe ka don Allah.

Taubashiyarka,
Zuhaira

*

Belbeji
17 ga Maris

Zuwa ga Zuhaira.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Sahabi, ya sa ƙasar da ta rufe shi ta zame masa rahama. Na karanta takardarki a tsaye bakin tasha, duk da kin ce in zauna, sai da Audu ya riƙe ni. Mu nan lafiya lau, sai ƙaramar yarinyar da ke haƙori.

Zuhaira, abin da kika roƙa ya fi ƙarfina. Gwaggo ba saniya ba ce. Uwa ce da ke da hakkin ta san ɗanta ya koma ga Allah, ta yi masa addu'a. Na rubuta miki a'a har sau biyu na yaga.

Sai na tuna shekarar da aka ajiye ni gidanku ina fama da ƙyanda, Gwaggo ta hana kowa taɓa ni sai ita. Da na kai wurin da kika ce zanenta yana zamewa, ban iya ƙi ba. Na shiga aji bayan an tashi, na rufe ƙofa, na yi. Ki hau tudu, saƙon yana jiranki.

Amma ki ji sharaɗina. Wannan na ɗan lokaci ne, ta samu ƙarfi, ku gaya mata ke da Kawu. Kada ki mai da ni turken da za ki ɗaura gidanku a kai.

Isma'ila

*

Rijiyar Aduwa
20 ga Afrilu

Mushe,

Gaisuwa da fatan yarinya ta fitar da haƙoranta lafiya. Ka yi haƙuri da jinkiri, motar Audu ta yi sati uku a gareji.

Inna ta ci tuwo! Ranar da na kunna mata ta ce in maimaita, na maimaita. Ta juya fuska bango ta ce ashe yana nan. Da rana ta cinye malmala ɗaya da rabi. Ni kaina ban san lokacin da na fara dariya a bakin turmi ba.

Yanzu saƙonka huɗu, kuma ina da gyara. Gaisuwarka ta yi tsawo, kamar mai neman aure. Yaya ba ya cewa da fatan, ba ya cewa bugu da ƙari. Ka rage Hausar lakwal. Ka riƙa tambayar jar saniya, shi ya saye ta.

Ita ma ta fara mayar da amsa, abin da ba ta cika yi ba da. In danna mata, ta kore ni daga ɗaki, sai ta gama ta kira ni. Ta sa na rantse ba zan saurara ba, kuma ban saurara ba. Ta kuma sa ni daka gumba duk Juma'a a raba wa mutane sadaka. Ina jin godiya ce take yi wa Allah.

Maganar sharaɗinka na ji. Ka bari zafi ya wuce, wa ke kai wa tsohuwa irin wannan labari cikin wannan rana?

Abu ɗaya kuma. A ƙarshen saƙo Yaya kan ce a gaida Gajera. Ni ke nan, ka sani, kuma in na ji ka kira ni haka da bakinka sai na fasa maka kai. Amma ka sa a saƙon. Kada Inna ta lura babu.

Zuhaira

*

Belbeji
22 ga Yuni

Zuhaira,

Ina gaishe ki, ina gaida Gwaggo, ko da yake ba ki da hanyar isar mata da gaisuwata. Kin lura? Wata uku ke nan Isma'ila bai gaida gwaggonsa ba. An yi mana ruwan fari shekaranjiya, an fita shuka. Ku fa?

Zafi ya wuce, ba ku gaya mata ba.

Ranar Talata ina shirya darasin ƙarshe kafin hutu, na ci karo da wata kalma ta Ingilishi da na sha koyarwa. Ƙamus ya ce ana faɗinta ga wanda ya sanyaya wa mutum rai har ya ja hankalinsa, ana kuma faɗinta ga wanda ya yaudare shi. Shekara bakwai ina rubuta wannan a allo ban ji komai ba. Ranar na rufe littafin na ba su wani darasi.

Ke ba ki jin abin da take faɗa, ni nake ji. Ni kaɗai. Tana ba da labarin ranar da ta haife shi a gona, da yadda kakarku ta ɗauke shi tun yaye, ita ta koma leƙensa ta danga don kada a ce ba ta da kunya. Ta ce ya taɓa faɗowa daga jaki a gabanta, haɓarsa ta fashe, mutane na kallo, ta ci gaba da tankaɗe kamar ɗan wani ne. Ta ce ya yafe mata. Zuhaira, wa ya ba ni ikon yafe wannan? Amma na ce na yafe, da muryarsa.

Kuma akwai abin da ya dame ni. Kin ce ba ta taɓa faɗin sunansa ba. A saƙon nan uku na baya, Sahabi take cewa, ƙarara, ba Na-tsohuwa ba. Na jiya sau biyar ta faɗa. Me ke nan?

Na gaji. Ina tsayawa gaban aji in ji muryata ba tawa ba ce. Matata ta fara tambayar wa nake rufe ƙofa ina yi wa magana duk Alhamis. Ki yi wa Kawu magana.

Isma'ila

*

Rijiyar Aduwa
30 ga Yuli

Isma'ila,

Lafiya muke. Gero ya kai gwiwa.

Ka gaji. To, sannu da aiki. Minti biyu a sati ya gajiyar da Mushe. Ni da nake kwana da ita, nake wanke ta, nake shiga bayan rumbu in toshe baki da gyale in yi kukan ɗan'uwana don kada ta ji, ni ban gaji ba, ƙarfe ce ni. In dangantakar ce ta yi maka nisa ka faɗa. Dama kakanni ne suka haɗa mu, ba ciki ɗaya ba.

Maganar suna ta hana ni sukuni. Matar da ko maƙwabci mai suna Sahabi ba ta kira sai ta ce Mai-sunan-yaro. Abin da na gane shi ne kanta ya fara juyawa, tsufa ya shigo. Kakarmu ma haka ta fara, da faɗin abin da ba a faɗa. To ka ga yanzu ne za a gaya mata? In hankalin ya ƙarasa tafiya fa?

Ga wani labari. An yi shela a kasuwa cewa likitocin ido za su sauka Tanut bayan girbi, suna cire yana. Shekara biyu ina fama da ita ta yarda a duba ta, tana cewa ba mai sa mata ƙarfe a ido. Wannan karon da kanta ta ce za ta je. Amma da sharaɗi: sai in mai aiko mata saƙo zai tsaya a gabanta ranar da za a kwance mata ido. Haka ta faɗa. Ta ce za ta tambaye shi da bakinta.

Ban san abin da zan ce maka ka ce ba. In ka ce a'a, ta zauna a makance har ta mutu. In ka ce i, ka san sauran. Ga shi sati biyu ba saƙonka a tudu. Jiya na hau sau uku.

Zuhaira

*

Belbeji
2 ga Oktoba

Zuhaira,

Takardarki ta yi wata biyu a teburin mai shayi na tasha. Na tafi Damagaram hutu, sai jiya da na dawo ya miƙo mini ita duk ta sha maiƙo. Sati biyun da kika ji shiru masassara ce ta kwantar da ni, muryar ta dushe, na ji tsoron Gwaggo ta gane.

Ban ce na gaji da ku ba. Da ƙaryar na gaji. Kin karanta da fushi, kuma ban ga laifinki ba, ni ma ban taɓa tambayarki yadda kike ba. Yaya kike, Zuhaira?

Ta tambaye ni tun cikin Agusta, kin sani tunda ke kika kunna mata amsar. Ban yi shawara da kowa ba. Ta ce, za ka zo? Na ji bakina ya ce zan zo. Tun ranar nake neman hanyar zamewa, in ce mota ta lalace, ko an hana mu fita daga wurin aiki. Amma in aka buɗe idon ba ta ga kowa ba, wannan ma duka ne.

Zan zo Tanut. Zan tsaya a gabanta da fuskata. Na nemi izini wurin direkta. Ki gaya mini ranar.

Isma'ila

*

Tanut
14 ga Nuwamba

Zuhaira,

Gwaggo tana gani. Na fara da wannan don ki samu numfashi. An yi ido ɗaya, ɗayan sai wani zuwan. Za ta yi kwana shida gidan Indo ƙanwarta saboda a sake dubawa, shi ya sa takardar nan za ta riga ta isowa.

Na yi mamaki da ban gan ki ba. Indo ta ce Gwaggo ce ta hana, wai ki zauna da dabbobi da geron da ba a gama ɗaurewa ba. Yanzu na san ba don gero ba ne.

Da safe aka jera su kan benci, tsofaffi sun fi talatin, kowa da farin ƙyalle a ido. Na tsaya nesa ina kallo. Da aka zo kanta ta riƙe hannun likitan ta ce, ya zo? Indo ta waiwaya tana neman Sahabi. Na matso na durƙusa. Ban yi magana ba.

Aka kwance. Ta daɗe tana ƙifta ido, hawaye na zuba. Ta kalli hannunta, ta kalli Indo ta ce kin tsufa. Sannan ta sauke ido a kaina.

Ta ce, "Isma'ila ɗan Abdu. Ka yi sanƙo irin na ubanka."

Na ce, "Gwaggo."

Ta ce, "Yawwa. Haka za ka ce. Yanzu ga ni ga ka, gaya mini. Yaushe?"

Na gaya mata. Watan da ya rasu, da ramin, da inda aka binne shi. Indo ta ƙwalla ƙara har mutane suka taru. Gwaggo ba ta yi ƙara ba. Ta ce a kai ta inuwa, muka zauna gindin itacen bedi, likita na ta gargaɗin kada ta murza idon.

Na tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun saƙon fari zuciyarta ta ba ta. Ta ce, "Ɗana bai taɓa tambayata ko na ci abinci ba. Ba a saba mana haka ba, ni da shi. Kai kuwa shi ka fara tambaya. Na ce wa raina, in har an kai ga aron murya, mai muryar ba ya nan." Gumbar Juma'a ba ta godiya ba ce, sadakarsa ce. Sunan ma ba ruɗewa ba ce. Ta ce, "Shekara talatin da biyu ina riƙe da sunan nan a baki. Da na san ya tafi, kunyar wa zan ji?"

Na ce to me ya hana ki tsayar da mu?

Ta ce, "Ranar na ji Zuhaira ta yi dariya a bakin turmi. Tun sanyi ban ji ba. Kuma ina jinta bayan rumbu tana maimaita wurin da kake cewa a gaida Gajera, ta kunna ta sake kunnawa. Makanta ce da ni, ba kurumta ba. Na ce in yarinyar nan da wannan take tsaye, bari in ci tuwo in yi shiru."

Kada ki ɗauka ba ta yi fushi ba. Ta yi. Ta ce, "Wata takwas ina kukan ɗana cikin zane kamar ɓarauniya. Ba wanda ya zo ya ce mini sannu. Ko malami ɗaya bai ɗaga masa hannu a ƙofar gidana ba. Kun ga makauniya kun yanke mini abin da zan iya ɗauka." Ta ce ta yarda da aikin idon ne don tana son ta ga fuskar wanda zai gaya mata, kuma ba ta so ya zama ke, don ba za ki iya ba.

Na roƙe ta gafara. Ta ce tawa mai sauƙi ce, aro aka yi da ni. Ta Kawu Yakubu ce za ta daɗe. Taki ba ta faɗa ba.

Abin da ta faɗa cikin saƙonnin, ta ce ba ni ta gaya wa ba, in manta. Ba zan iya mantawa ba, amma ba mai ji daga bakina.

Ki shirya, Zuhaira. Tana zuwa, kuma tana gani.

Isma'ila

*

Rijiyar Aduwa
3 ga Disamba

Taubashina,

Ina gaishe ka, ka gaida matarka, ka gaya mata komai, ka ce ta yafe mini ƙofar da na sa kana rufewa. Inna tana gaishe ka da sunanka.

Na karanta takardarka sau ɗaya, ban iya na biyu ba. Kwana huɗu na yi ina share gida kamar mai jiran baƙo.

Da ta sauko daga motar Audu ba ta yarda an riƙe ta ba. Ta tako har tsakar gida da kanta. Ta tsaya ta kalle ni, ta kalle ni, na rasa inda zan sa idona. Ta ce kin rame. Shi ke nan. Ta wuce turke, ta ga fatar maraƙin nan har yanzu a kafe, duk ta ƙanƙance, gashin ya zube inda saniyar ke lasa. Ta ce in cire.

Washegari Kawu ya sanar. An yi zaman kwana uku, mutane sun zo har daga Gangara. Inna ta zauna kan tabarma ta karɓi gaisuwa, duk wanda ya ce ya haƙuri sai ta ce Allah ya jiƙan Sahabi, da ƙarfi, tsofaffin mata suna kallon juna. Na yi kuka a gaban mutane, Isma'ila. Ban san haka yake da sauƙi ba.

Har yau ba ta ce ta yafe mini ba. Tana dai cin abin da na dafa, jiya kuma ta ce in zo ta tsefe mini kai.

Ka tambaye ni yadda nake, ban ba ka amsa ba. Ga ta. Na ce maka don Inna ne, kuma na rantse lokacin haka na yi zato. Amma ni nake hawa tudu tun Alhamis. Akwai ranakun da na tashi da safe na manta, ina cewa in Yaya ya dawo zan nuna masa kaza. Saƙonka talatin da ɗaya ne a wayata. Inna ta ce in goge da hannuna. Na goge talatin. Ɗayan ka san ko wanne ne, na farkon da ka ce a gaida Gajera, ka ba ni lokaci.

Ta ce ka zo hutun nan da iyalinka, tana son ta ga yarinyar. Ka zo. Amma kada ka kira ni a waya tukuna, ka rubuto ranar ta hannun Audu.

Kuma ina da roƙo na ƙarshe, Allah ya yafe mini shi. In ka iso ƙofar gida kada ka yi sallama. Ka tafa hannu kawai ka jira. Bari in fito in gan ka da idona tukuna, sannan ka yi magana.

Taubashiyarka,
Zuhaira